Littafinta na Cikinta

Mu'utasim ya tafi Bur Sudan ran Laraba.
Ya bar mini mabuɗin ɗaki,
da na'ura mai gurnani a ƙarƙashin tebur,
da kalmar sirri a bayan rasiɗin gawayi.
Ya ce, "In ta ƙi, tambaye ta. Littafinta na cikinta."
Na ɗauka ba'a ce irin ta mai barin gari.

Ni fa buhu nake ƙirgawa.
Shekara sha ɗaya ina kasuwar hatsi ta Gadarif,
da hannu nake gane riɗin da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi.
Amma baƙin allon nan,
da ɗigon haske mai ƙifta mini ido,
ba mu taɓa gaisawa ba.

Karon farko ban tambaye ta ba.
Ɗan ƙanwata ya turo mini layi guda ta waya,
na kwafa, na danna.
Ba ta ce ka tabbata ba, ba ta ce kash ba.
Awon mako guda ya bi iska,
har da buhu arba'in na Hajja Sakina,
wadda ta tsaya a ƙofa ba ta ɗaga murya ba,
abin da ya fi zagi ciwo.

Sai ga daren jajibirin kasuwa.
Motoci sun yi layi tun daga gidan mai,
na'ura ta ce cikinta ya cika, ko harafi ba za ta ƙara ba.
Waya ba sabis. Janareto na tari.
Na aika yaro wurin Batul ya karɓo jabana mai citta,
na zauna, na rubuta haruffan nan uku
da Mu'utasim ya zana a jikin bango: man.

Shafi ya buɗe.
Ba ado, ba lallashi.
Suna, aiki, sharuɗɗa, gargaɗi,
kamar dattijon da ba ya maimaita magana.
Turancina gurgu ne, da ƙamus na dogara,
kalma ɗaya takan ci mini rabin kofi.
A ƙasan kowane shafi an ce duba wane, duba wane,
malami na tura ka gun malaminsa,
har ka kai ga wanda ya san inda gizo ke saƙa.

A nan na ji cewa kowace takarda da mai ita,
da danginta, da sauran jama'a,
kuma kowa da iyakarsa:
wani ya karanta kawai, wani ya rubuta, wani ya zartar.
Na ji cewa mai riƙe da saiwa ba a yi masa musu,
shi ya sa ake so ya rage ɗoki.
Na yi dariya ni kaɗai. Ai ni ne.

Wajen ƙarfe uku na gano ɓarawon wuri:
kundin da na'ura ke rubuta koke-kokenta,
wata tara ba wanda ya leƙa,
ya kumbura ya danne kowa.
Na karanta shafin sau biyu.
Na kwafe awo a wani faifai tukuna.
Na sake karantawa.
Sannan na danna, yatsa na rawa.

Gurnani bai canja ba.
Wuri dai ya samu.

Da asuba mai sikeli ya ƙwala lambar farko, ta karɓa.
Ba wanda ya san an yi wani dare.

Yanzu akwai littafi mai bangon shuɗi a aljihun tebur.
Da ajami nake cika shi, da bakinmu na gida:
abin da na taɓa, da ranar, da shafin da ya ba ni izini.
Shafin farko na Hajja Sakina ne.
Buhu arba'in, na rubuta,
kada na gaba ya ce ba a faɗa masa ba.