Inda Ruwa Ke Kwana

Ranar Asabar, da ruwa ya ɗauke,
suka shimfiɗa farar takarda
kan teburin mai shayi, nan Zangon Agege,
aka danne kusurwoyinta da kofi huɗu.
Yarinyar asibiti ta miƙo mini alƙalami.
Na ce, 'yar nan, ban taɓa zama aji ba.
Ta ce, Inna Barmani, ba rubutu muke so ba,
nuna mana inda ruwa ke kwana.

Wannan kam na sani.
Shekara talatin da ɗaya ina sayar da koko a layin nan,
ƙafata ta haddace kowane rami.

Na ja layin dogo, ya karkace, aka yi dariya.
Na ce ku bar shi, jirgi ba zai bi ta nan ba.
Ga kwatar bayan masallaci,
tun azumin bara ta toshe.
Ga tayoyin Tanimu mai faci,
goma sha uku, kowace da ruwa a cikinta.
Tanimu ya sosa ƙeya, ya ce sha huɗu ne.

Iya Risikatu, da Hausarta mai gishirin Yarbanci,
ta zana kangon da mai shi ya haƙa tushe
ya tafi ya bar wa sauro gado.
Yara suka kawo abin da idon manya ya tsallake:
matacciyar firji bayan injin markaɗe,
gwangwanaye a kan rufin kwano.

Sai aka ce a ɗiga ja
duk ƙofar da zazzaɓi ya shiga da daminar nan.
Surutu ya mutu.
Alƙalami ya bi hannu hannu.
Da ya iso kaina, na ɗiga biyu.
Ɗaya Gambo ne, ga shi can yana ƙwallo.
Ɗayar ba ta cika shekara uku ba.

Muka ja baya muka duba.
Jajayen sun taru a bakin kwata
kamar kaji kan tsaba.
Ni da na zargi iska, na zargi bakin mutane,
ashe maƙwabcin yana bayan katangata, yana ƙyanƙyasa.

Lahadi aka fito da shebur.
Gidan sauro, daga jajayen ƙofofi aka fara rabo.
Tanimu ya huda tayoyinsa da kansa.

Takardar na nan a bangon mai shayi,
hayaƙi ya fara cin gefenta.
Kullum da asuba, kafin in sauke tukunya,
nakan tsaya in ɗora yatsa kan ɗigo na biyu.
Su suna ganin tawada.
Sunanta Uwani.