Tukunyar Mahaifiyata a Valparaiso

Garinmu a rataye yake a jikin tsauni,
gidaje kamar wanki a kan igiya.
Masu hali na ƙasa, kusa da banki,
mu muna sama, maƙwabtan iska.
Matakala ɗari da tamanin da biyu
nake sauka kullum kafin in kai aji.
Na ƙidaya. Mai bashi ba ya rasa lissafi.

Ubana Eleuterio masunci ne.
Ran da na sami gurbin karatun jinya
ya wanke hannu sau uku da lemon tsami
don kada takardar banki ta yi ƙarni.
Ya sa hannu inda aka nuna masa.
Bai duba ƙananan baƙaƙen ba,
a nan kuwa kuɗin ruwa yake kwance
kamar kada a ƙarƙashin ganye.

Shekara uku ke nan.
Ina barci, bashi na ido biyu yana kiwo.
Kifin da bai shiga koma ba tukuna
an riga an ci kuɗinsa.

Ondina, abokiyar zamana a benci,
ta fi ni gane jijiya a hannun jariri.
Zangon da ya wuce aka rufe mata ƙofa.
Yanzu riguna take ninkewa a kanti;
in na wuce sai ta sunkuya
kamar ta yar da allura.

Dominta na sauke tukunya daga ƙusa,
na ɗauki ludayin ƙarfe,
na bi ɗalibai zuwa dandali.
Ban iya jawabi ba, muryata ƙarama ce,
amma tukunya ba ta in-ina.
Aka feso ruwa, aka jefo barkonon tsohuwa,
muka yi kukan da ba mu shirya ba.
Wata tsohuwa ta miƙo lemo ta taga
ta ce, "Jikana ma na cikinku, mai jar hula."

Mako na bakwai aka kira mu sama,
mu biyar, ɗaki mai sanyi, doguwar kujera.
Jami'i ya ce kuɗi ba ganye ba ne.
Na ce, ranka ya daɗe, na sani,
a gidanmu ne ake jin nauyinsa.
Ba sadaka muka zo nema ba,
mudu muka zo a duba:
me ya sa na ɗan tsauni yake da rami a gindi?
Wanda zan yi wa allura gobe
ba zai tambayi unguwarmu ba.

Ya rubuta wani abu. Ko zane ya yi, oho.
Ya ce za a kafa kwamiti.

Na hau matakalata da dare, ɗaya-ɗaya,
takalmi jiƙe, tukunya a lotse.
Mama ta juya ta a gaban fitila,
ta shafa inda ludayi ya ci.
Ba ta yi faɗa ba. Ta zuba wake, ta ɗora.
Tukunya ta zauna a karkace a kan wuta.

"Ba ta yoyo," in ji ta.
"Ci ki kwanta, Rayen.
Yaushe ne kuma, Alhamis?
To ki biya ta kanti ki ɗauko Ondina,
akwai murfi, ta buga shi."