Hannun Tasi'u

A Ƙofar Ruwa aka haife shi,
unguwar da ruwanta a suna ya tsaya.
Iyakar kogin da ya sani Jakara ce,
sai kududdufin bayan gidanmu
inda na taɓa zane shi don ya shiga.

Yau ga shi, hutun kwana huɗu,
ya sauka daga adaidaita da jaka ɗaya,
wuya ya yi baƙi, leɓe ya tsage,
ya miƙo min gwiwar hannu a madadin tafi.
Na ce, kofur, yaƙi aka yi?
Ya ce, Baba, tsere ne.

Kwana shida a kan Kwara, in ji shi,
mutum takwas a kwale-kwale guda,
filafili takwas, numfashi ɗaya.
Saje Bawa, ɗan Yawuri, yana daga baya
yana ƙirga musu har muryarsa ta dushe,
sai ya koma buga gwangwanin kifi da cokali.
Garin kwaki da ƙuli a leda.
Salla a zaune, alƙibla na juyawa da kwanar ruwa.
A rana ta huɗu wani ya yi kuka.
Bai ce wane ne ba,
ni ma ban tambaya ba.

Na nawa kuka zo?
Na tara.
Cikin nawa?
Sha ɗaya.
Ƙannensa suka fashe da dariya, ya taya su,
ya ce ai ba kofi aka aike su ɗaukowa ba,
so ake a ga inda ƙarfin mutum yake ƙarewa
da abin da ke saura bayan nan.

Da aka kawo tuwo ya kasa yankar loma.
Tafin nan duk bororo, wani ya fashe, wani na jira.
Uwarsa ta janyo kwanon gabanta,
ta hura, ta ba shi a baki,
ƙato mai igiya biyu.
Kowa ya duƙufa kan nasa kwanon.

Can dare aka ɗauke wuta, na fito shan iska.
Yana kan tabarma, barci ya yi nisa,
amma kafaɗunsa ba su samu labarin an iso ba,
suna ja, suna saki, suna ja.
Na tsaya da buta a hannu
ina kallon ɗana yana haye simintin tsakar gida,
har ladanin bakin kasuwa ya yi gyaran murya.