Sai Mun Tsallake Gada

Daren Laraba, shagon Rifkatu a Barnawa.
Mun ture keken ɗinki gefe,
mun baje takarda a kan teburin yanka.
An ɗauke wuta. Tabawa ta haska da waya.
Mu huɗu, da biro ɗaya mai yankewa.

Na ce daga Dandalin Murtala za a tashi,
a miƙe, a gangaro, a tsaya bakin ruwa.
Rifkatu ta ce a'a, sai an tsallake.
"Ciwon nan bai san kudu ba, bai san arewa ba.
Ya ɗauke mai jan baiti a cocinmu,
ya ɗauke malamar Islamiyyarku
a damina guda."
Na ja layin ya haye gada.

Lissafi kuwa ba ya jin kuka.
Ruwan leda jaka sittin.
Riguna ɗari uku masu ruwan hoda,
hijabai ɗari, don Kande ta rantse
matan Rigasa ba za su fito da kai a waje ba.
Takardar 'yan sanda tana hannun wani
da kullum ya fita yanzun nan.
Alhajin gidan mai ya ce mu kira shi Litinin,
Litinin uku ke nan wayarsa na barci.

Sai mai buga allon talla ya turo saƙo:
wai kalmar ta yi nauyi a bakin titi,
ko a sa "lafiyar mata" kawai?

Na tuna Yaya Dudu.
Wata tara tana ɗauke da ƙullutu
kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin riga,
tana shafa man zafi, tana shan jiƙo,
ba ta faɗa wa kowa ba, har ni,
ni da muke cin tuwo a kwano ɗaya.
Ranar da ta buɗe mini
warin ne ya riga ta magana.
Mun yi hanyar Shika har direbobin Kawo sun san mu,
mun sayar da firij, mun sayar da 'yan kunne,
gashinta ya bi matashi,
likita ya ce da kun zo da wuri.
Da. Kalma ƙarama, ga nauyin dutse.

Na rubuta masa: ka buga shi yadda yake.
Sankarar mama. Da manyan baƙaƙe.
Wanda ya sha nono ya rayu
ba zai mutu don ya karanta sunansa ba.

Tabawa ta yi dariya har wayar ta girgiza,
inuwarmu ta yi rawa a bango.
Ita ce aka yanke wa na hagu shekara shida,
kallabi take naɗewa ta cike gurbin.
Ta ce gwiwarta ba ta gudu,
amma a ba ta usur,
ita za ta busa, ita za ta sallami jama'a.
In ya so ta biyo mu a keke
tana yi wa malalata tsiya.

Kande na ƙirga: in mutum ɗari biyar suka yanki tikiti,
mata nawa za a duba kyauta?
Ta ƙirga, ta goge, ta sake.
Ba su kai yadda muke so ba.
Ta ce to, ko goma ne, ai goman na da suna.

Ni tun watan jiya nake gwaji bayan asuba,
daga ƙofar gida zuwa mai ƙosai, in dawo ina haki.
Takalmin Yaya Dudu nake sawa,
wanda ta saya don likita ya ce ta riƙa tattaki.
Ya yi mini yawa.
Na cusa auduga a gaba.

Wuta ta dawo, fanka ta kwashi takardar,
muka bi ta mu huɗu har ƙarƙashin tebur.
Saura kwana goma sha tara.
Har yanzu ba mu da motar asibiti.