Abin da Hannu Bai Taɓa Ba

Ƙarfe biyun dare a Ikeja.
Ruwa ya kori masu danfo daga titi,
janareta na tari a bayan gini,
daga ni sai sabar, tana hura min sanyi a gwiwa.

Oga Bankole ya liƙa takarda a jikin allo:
cikinta ya cika maƙil,
a samo mata wurin numfashi kafin Litinin.

To. Na ja kujera, na ba ta umarni, layi ɗaya tak:
kawo min duk fayil ɗin
da hannu bai taɓa ba shekara biyar,
da girmansa, da mai shi, da ranarsa.
Sai sunaye suka yi ta kwarara
kamar an kwance bakin buhun gero.

Dubu arba'in da ɗari shida da tara.

Rasit na kamfanin da ya daɗe da rushewa.
Hoton walima ɗaya, an ajiye shi sau bakwai.
Wani ya sa wa takardarsa suna "ta ƙarshe",
a ƙasanta ga "ta ƙarshe ta gaske",
a ƙasanta kuma wasu huɗu.

Na jera su daga babba zuwa ƙarami,
yadda ake yi wa shanu a Oko-Oba:
mai ƙiba shi ke fara ganin wuƙa.

Can ƙasa, inda ido ya gaji,
sai ga jakar Tanimu.
Shi ya zaunar da ni a kujerar nan,
shi ke cewa, ba a shara cikin duhu, yaro,
duba kafin ka goge.
Ya nemi hutun mako guda zuwa Funtua.
Motar ba ta kai ba.

Fayil ɗaya ne a ciki, ɗan mitsitsi,
goge shi ba zai ba sabar ko shaƙa ɗaya ba.
Na buɗe.

Mai shayin Obalende, ɗari uku, in biya Juma'a.
Takalmin makarantar Laraba.
Sabon yaron nan, Ilu, a saya masa rigar sanyi,
ɗakin nan zai yi masa illa.

Ni ne Ilu.
Rigar na jikina, ta huje a gwiwar hannu.

Na daɗe ban taɓa komai ba.
Fitilu kore na ta ƙifta ido, babu ruwansu.

Da na sake ba da umarnin,
sabar da ba ta san makoki ba, sai lissafin kwana,
ta ga an taɓa Tanimu yau,
ta cire shi daga cikin matattu.

Dubu arba'in da ɗari shida da takwas.

Ruwa ya tsagaita. Wani ladan ya yi gyaran murya can nesa.
Na tura wa Oga jerin,
na laluba aljihu, ɗari uku ta cika.
Ko mai shayin yana nan har yanzu?