Kwana Shida a Kogin Salmon

Mun baro Stanley da asuba, mota na tari a kan tsakuwa,
Rumasa'u na gyangyaɗi a kafaɗata.
Ita ta biya kuɗin, ta ce, "Baba, hutu ne."
Ni kuwa hutun da na sani bai wuce kujera da shayi ba.

A bakin ruwa Lorna Beckwith ta tarbe mu,
tafin hannunta kaushi kamar na masassaƙin turmi.
Ta ɗaure mini rigar ceto har numfashi ya yi gardama.
Ta ce in na faɗa, in kwanta rigingine, ƙafafu gaba,
kada in nemi miƙewa.
Shekara sittin ina koyon tsayawa da ƙafafuna,
yau yarinya ta ce kuskure ne.

Ban gaya mata kakana Basarke ne a Yawuri ba,
mai gane zurfin ruwa daga launinsa.
Ni jikansa lissafin inshora na iya, a hawa na huɗu a Boise.
An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Mai wannan magana bai gan ni da filafili ba.

Ranar farko kogin tambaya yake yi.
Ya ɗaga jirgin roba, ya ajiye, ya leƙo ta wuyan riga,
sanyinsa na ƙanƙarar da ta narke shekaranjiya.
Waya ta mutu a aljihu, babu wanda ya yi mata ta'aziyya.

Da yamma mu ja jirage kan yashi,
mu miƙa wa juna jakunkuna hannu da hannu,
ni, da likitan haƙori daga Tulsa, da wasu tsofaffin mata biyu masu gardamar kati.
Tantina ya rushe sau biyu.
A nan ba a barin komai a baya:
toka a gwangwani, bawon lemo a leda,
har abin da kunya ba ta bari a faɗa, akwatinsa daban, yana tafe da mu.

Na yi alwala yatsuna na kuka.
Na nemi gabas tsakanin duwatsu biyu da suka tsuke sama ta koma zare,
wani ragon dutse yana kallona daga tsauni
har na sallame.

Rana ta uku muka ji shi kafin mu gan shi,
ruri kamar injin niƙa ɗari a ɗaki ɗaya.
Lorna ta yi ihu, "Gaba! Gaba!"
Na tuƙa iska.
Sai fari, sai kore, sai shiru mai nauyi a kunne.
Ƙafata ta taɓa dutse, ta ce tsaya,
na ce a'a.
Na kwanta, na bar ruwa ya yi yadda ya so.

Hannun da ya cafko kafaɗar rigata ƙarami ne.
Na san shi. Ni na koya masa riƙe cokali.
Ta jawo ni kamar buhun gero, muka zube tare,
tana dariya, tana kuka, tana faɗa da Hausar da na zaci ta manta.

Daren nan mun jiƙa ƙafafu a ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga dutse.
Ta ce, "Ba ni labarin kakan nan naka."
Ashe ban taɓa ba ta ba.
Na fara da sunan jirginsa, taurari suka matso.

Sauran kwanakin ban ƙirga ba.
Itatuwan da gobara ta ci suna tsaye baƙi ƙirin,
ciyawa sabuwa a gindinsu.
Na fara gane inda ruwa ke yin harshe mai santsi tsakanin kumfa,
na nuna, Lorna ta gyaɗa kai.

Yanzu ina gida. Saƙo ɗari biyu da sha ɗaya na jira.
Akwai yashi a aljihun wandon, na hana a wanke.
In na rufe ido, gadon yana tafiya.