Awa Biyar Ba Kwata

Tanimu ɗan ƙanena, waya a tafin hannu,
ya tsuguna gefen murhun gahawata a Sawakin,
ya ce, "Gwaggo, kin san Kano zuwa Jidda?
Kilomita dubu uku da ɗari huɗu da 'yan kai.
Awa biyar ba kwata, in iska ba ta yi gardama ba."

Na ci gaba da dakan cittata.

Awa biyar ba kwata.
Waken da na jiƙa tun azahar bai ma kumbura ba.

Yaro, kakata Kuluwa ta auna hanyar nan
da mudun da babu shi a wayarka:
takalman fata goma sha ɗaya,
jakai biyu, ɗaya ya mutu, ɗaya aka ci kuɗinsa,
damina tara,
haƙora huɗu.
Ta bar Katagum da goyo a baya,
ta bar goyon a Abeshe, gindin wata aduwa,
ta jera duwatsu uku don kada ta mance wurin.
Ba ta sake bi ta can ba.

A Janaina ta yi wa matan gari surfe.
A Jazira ta tsinci auduga
har yatsunta suka daina sanin ƙaya.
Tana ƙulle kwabo a bakin zane,
zanen na tsufa, ƙullin na nauyi.
Ranar da ta iso nan, ga teku, ga jirgin ruwa,
aka ƙirga, kuɗin ya gaza da kaɗan.
Ta ce, to, baɗi.

Baɗi ya haifi uwata.
Baɗi ya haife ni.
Tana can kwance bayan gari, inda ƙasa ke da gishiri,
an juya fuskarta
ga inda ƙafarta ba ta taka ba.

Da daddare in an ɗauke wuta
nakan hangi 'yar fitila ja tana ƙyafta ido
daga yamma, ta nufi ruwa.
An ce mutanenmu ne a ciki, sanye da harami,
ana miƙa musu shinkafa a kwanon gwangwani,
wani na ƙorafin gwiwarsa ta sage.
Ba na ƙyashi. Allah ya karɓa.
Da ma dai wata ta kusa da taga
za ta leƙo ƙasa, ko da ba a ganin komai.
Tsakanin ɗaukar cokali da ajiye shi
sun wuce damina biyu.

Tanimu ya sake latsa wayar, ya yi murmushi.
"Daga Bur Sudan kuwa, Gwaggo, ko awa ɗaya bai cika ba."

Na ce na sani.
Mu uku ke nan, uwa da 'ya da jika,
muna zaune cikin wannan awar.

Miƙo min kofin can,
gahawa za ta zube.